Idon Sojan Darma

Na koyar da tarihi a makarantar sakandare a Zariya kafin in zo Amurka, na bi tashin dauloli da faɗuwarsu har idona ya nemi tabarau, kuma ina gaya muku da cikakken iko cewa marubutan tarihi sun ɓoye wa duniya babbar gaskiya. Babu rundunar da ta taɓa tsayawa da ƙarfin zuciya ko da kishin ƙasa. Da gam take tsayawa. In gam bai kama ba, komai jarumtakar soja, ana girgiza tebur zai kifa da fuskarsa.

Saboda ku nake wannan rubutu, ku 'ya'yan unguwarmu ta Highbridge a nan Bronx da kuke leƙo ɗakina ranar Asabar in an tashi daga Islamiyya, kuna ƙyalƙyala dariya wai Ticha yana wasa da 'yartsana. Ɗayanku, ba zan faɗi ɗan wa ba ne don ubansa mutumin kirki ne, ya ce mini da Turanci ai shafa fenti ne kawai, shi ma zai iya. Na miƙa masa buroshi. Ya mayar mini da sojan Rum kamar wanda aka tsamo daga tukunyar miyar kuka.

Ga yadda abin yake. Akwai wasu mutane a garin nan, yawancinsu Turawa masu furfura da tumbi, lauyoyi da direbobin bas da waɗanda suka yi ritaya, da ke taruwa a kan dogon tebur su jera sojojin darma, kowanne bai wuce gaɓar yatsa ba, su sake yaƙin da aka gama tun kafin a haifi kakanninsu. Da ƙwayar ludo suke harbi, da tef ɗin tela suke auna tafiya. Sojojin nan daga masana'anta tsirara suke zuwa, launin cokali. Sai wani ya yi musu riga da wando da maɓalli, ya dasa kowanne a kan ɗan dandamali, ya yi wa dandamalin ƙasa da ciyawa. Masu wasan suna da abin sayen soja, amma ba su da hannu, ba su da haƙuri. Ni ne wannan wanin.

Wani ɗan kwali ne ya shigar da ni sana'ar. A lokacin ina yaron mota wurin Alhaji Mumuni, mutumin zangon Kumasi, wanda ke da motar kai kaya, yana tuƙi ni ina sauke wa. Wata rana muka kai kwali can kudancin Brooklyn, dab da teku, kwalin bai fi na takalmi ba amma nauyinsa kamar an cika shi da duwatsu. Shagon a ƙarƙashin ƙasa yake, sai ka sauka matakala. Na sauka na tarar da tebur an yi masa tuddai da kogi, ga rundunar Turkawa ta kewaye wani gari. Na ajiye kwalin na tsaya. Alhaji yana ta danna oda a waje, ban ji ba.

Mai shagon wani tsoho ne siriri, Mista Leo. Na gyara tsayuwa na shaida masa cewa ni malamin tarihi ne, ina jiran ya girgiza.

Ya ce, "Madalla. Ka iya riƙe magagari?"

Da magagari na fara, kuma na daɗe a kansa har na fara zaton tsohon ya manta da ni. Duk sojan da aka zuba a masana'anta yana fitowa da ɗan siririn layi daga kansa har ƙafa, inda bakin mazubin ya haɗu. In ba ka goge layin nan ba, fenti zai tona shi, soja ya fito kamar an ɗinke shi da keke. Ka goge, ka wanke shi da sabulun kwano don maiƙon masana'anta ya fita, ka shanya, ka manna shi a kan murfin kwalba don ka sami abin riƙewa. Sannan ka fita bayan shago ka fesa masa fentin shimfiɗa. In akwai danshi a iska, fentin zai yi burtsi-burtsi kamar fatar kaza, ka koma farko. Garin nan kuwa rabin shekara danshi ne, sauran rabin sanyin da ke daskarar da gwangwanin a hannunka.

Daga Highbridge zuwa shagon tafiya ce ta gaske. Ka hau tiren, wato jirgin ƙasan cikin gari, ka sauka, ka canza, ka tsaya, ka sake canzawa, gari ya ƙare kai ba ka iso ba. Ni kuwa ban taɓa iya zama wuri guda ba, ko a aji yawo nake tsakanin benci. Sai ga shi na faɗa sana'ar da dokarta ta farko ita ce ka kafa gwiwar hannu biyu a tebur, ka haɗa wuyan hannunka da juna, ka riƙe numfashi. Ƙafata ce kawai ke rawa a ƙarƙashin tebur. Mista Leo yakan ce, "Ticha, ƙafarka ta tafi Manhattan, kira ta ta dawo."

Fenti ana sirka shi da ruwa har ya yi kamar kunu mara kauri, a shafa sau biyu ko uku, ba a lafta shi sau ɗaya kamar yadda ɗan'uwanku ya yi. Ana fara da abin da ke ciki a fito waje, kamar mai sa tufafi: fata, riga, ɗamara, sannan maɓalli. Buroshi mai kyau gashin wata dabbar ƙasashen sanyi ne, kuma duk mai wannan aiki a bakinsa yake gyara masa tsini. Kowa zai ce muku ba ya yi, kowa yana yi. Azumina na farko a shagon na tsinci kaina buroshi ya kusa leɓe, na yi wuf na janye. Daga nan na koyi murza shi a tsagar tafin hannu, kuma har yau in watan ya kama aikina yakan ragu da tsini kaɗan.

Dandamali shi ne inda aka san ni. Yashi nakan ɗebo a bakin teku, in wanke gishirin, in gasa shi a murhun gida don kada wani abu mai rai ya biyo shi. Matata ta taɓa buɗe murhun tana zaton kek nake mata, ta tarar da faranti cike da ƙasa. Maganar da ta faɗa ba ta shiga littafi. Toshiyar kwalba in ka ɓantare ta ta zama dutse. Ganyen shayi da aka sha aka shanya ya zama busasshen ganyen daji. Abin da ake nema shi ne ƙasa ta dace da soja. Ba a dasa sojan hamada a kan ciyawar damina, in ka yi haka wani tsoho zai taso daga Staten Island musamman don ya gaya maka.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar da aka fara ba ni fuska in yi, na gama fata, na gama gashin baki, na zo kan ido, sai hannuna ya tsaya. Ku da aka haifa a nan wataƙila ba za ku gane ba. Mu mun tashi da sanin cewa yin siffar mai rai ba abin wasa ba ne. Riga da wando ban ji komai ba, tela ma yana yi. Amma in ɗiga wa abu ido ya juyo yana kallona, wannan wani mataki ne. Na ajiye buroshi, da yamma na nemi Alhaji Mumuni, domin shi ne mai furfurar da na fi sabawa da shi.

Yana cin wake da shinkafa a cikin motarsa. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Massa, kai ma da neman wahala. Kai ka ƙera shi?"

Na ce a'a, fenti kawai nake yi.

"To bar ido. Abin da ba shi da ido ba mutum ba ne, ƙarfe ne ya sa riga. Haka kakana ya gaya ma wani tela a zango. Miƙo min barkonon can."

Washegari na je wa Mista Leo da jawabi a shirye, har da gabatarwa da kammalawa, cewa ni ba na yin ido, in ya ga dama ya sallame ni. Bai bari na kai tsakiya ba. Ya ce rabin masu fenti a duniya ba sa yi, domin daga nisan hannu ba a ganin idon mutumin da bai wuce gaɓar yatsa ba, kuma yawancin masu yi suna fito da soja kamar kwaɗon da aka taka. Ya nuna mini yadda ake zuba ruwan fenti mai duhu a kwarmin idon, ya kwanta ya zama inuwa, mai kallo ya ƙarasa sauran da kansa. Haka na yi ta yi shekaru. Rumawa, Farisawa, Turkawa, sojojin Ingila masu jar riga, duk sun fita daga hannuna da inuwa a ƙarƙashin gira, babu wanda ya taɓa dawo da ko ɗaya.

Sai shekarar guguwar nan da teku ya hau gari. Ku kuna tunawa da ita don an rufe makaranta. Ni ina tunawa da ita don tiren ya daina tafiya, na yi kwanaki ina kai da kawo tsakanin taga da ƙofa, wayar Mista Leo ba ta shiga. Da hanya ta buɗe na hau bas, na sauka, na hau wata, na ƙarasa da ƙafa. Na tarar da shi zaune a kan matakala ta sama, domin sauran matakalar ruwa ya shanye su. Kwalaben fenti suna yawo a kai kamar an watsa alewa.

Da aka zuƙe ruwan muka ga aiki. Ruwan gishiri ba ya barin darma, sai ya ci ta ta yi fari tana marmashewa. Dandamalin katako duk sun kumbura sun tuttuɗo da sojojinsu. Rundunonin da mutane suka ba mu ajiya sun haɗu a kusurwa guda cikin laka, Rumawa da Faransawa da Turkawa rungume da juna, zaman lafiyar da tarihi bai taɓa gani ba. Wani mai fenti da muke aiki tare ya kalli wurin ya ce zai je ya sha sigari, har yau bai dawo ba. Mai ginin kuwa ya ce wa Mista Leo akwai masu son wurin su sa injinan wanki, in bai gyara ya buɗe kafin sanyi ya wuce ba, ya kwashe abin da ya rage. Tsohon ba shi da abin gyarawa. Shagon shi ne abin da ya yi duk rayuwarsa, ni kuma shi ne bencina.

Ana cikin haka wani likitan haƙori ya zo, ɗaya daga cikin manyan masu tara sojoji a garin, mu dai Likita muke ce masa. Yana son a yi masa runduna sukutum: Faransawan farkon ƙarni na sha tara, lokacin da suka kutsa Rasha sanyi ya koro su, ɗaruruwan mutane cikin tsumma da bargo suna jan ƙafa a dusar ƙanƙara. Aikin ya isa ya tayar da shagon. Muka zauna a kicin ɗin Mista Leo, inda muka mayar wurin aiki, na yi masa soja guda na gwaji. Na yi masa leɓe ya yi shuɗi don sanyi, na naɗe masa ƙafa da tsumma, ƙanƙarar na haɗa ta da gam da garin farin dutse, domin hodar da mata ke sa wa cincin, wadda wasu ke amfani da ita, tana komawa ruwan ɗorawa bayan shekara biyu. Ban taɓa yin soja kamarsa ba.

Likita ya ciro tabaran aikinsa, irin mai ƙananan madubai biyu a gaba da suke leƙa kogon haƙori da shi. Ya ɗaga sojan ya juya shi.

"Ina idon?"

Na ce, "Yana cikin inuwa, Likita."

"Ni ba inuwa na zo saya ba."

Mista Leo ya fara bayanin nisan hannu, Likita ya ɗaga yatsa kamar mai cewa a buɗe baki. Ya ce, "Leo, mutanen nan sun yi tafiya suna kallon mutuwa. Da me suka kalle ta? Ina son fari, ina son baƙi a tsakiya, kowane mutum. In ba za a iya ba, akwai masu yi a wani gari."

Ba zan ɓoye muku ba, maganarsa ta yi kyau. Da ɗalibina ne ya rubuta ta da na ba shi maki.

Bayan ya fita Mista Leo bai ce mini komai ba. Da ya roƙe ni da ya fi mini sauƙi. Ya tashi ya ɗora ruwan shayi, ni kuwa na ɗauki rigar sanyina na hau tiren na nufi unguwar Jamaica, inda Alhaji Mumuni ke jiran kaya kusa da filin jirgi. Na ce masa fatawarsa ta ci karo da likitan haƙori.

Ya ce, "Wace fatawa? Massa, ni direba ne. Ni na ce kakana ya ce. Je ka wurin Liman, kar ka sa ni cikin wuta a kan 'yartsana."

Na sake hawa tiren na koma Bronx. Limaminmu a lokacin Malam Isufu ne, mutumin Maraɗi, kuna iya tuna shi, masallacin yana saman shagon sayar da waya. Na same shi bayan la'asar, na ciro sojan daga aljihu na ajiye masa a kan darduma. Ya sa tabarau ya duƙa.

"Wannan mi ne ne, Ticha? Almajirin ina ne haka cikin tsumma?"

Na ce sojan Faransa ne.

"Faransa? Wallahi ban taɓa ganin su haka ba. Ka bar mini shi." Ya yi dariya, sannan ya gyara zama na kwashe labari na gaya masa.

Ya ce, "Bon. Wa ya ce maka a ido maganar take?"

Na ce Alhaji Mumuni.

"Mumuni mai mota?" Ya cire tabarau. "Ticha, kai da ka yi boko har ka koyar. Malamai sun yi magana mai yawa a kan wannan. Akwai waɗanda suka tsananta, su a wurinsu duk abin ka bar shi. Akwai waɗanda suka sassauta a kan abin wasan yara. Yara ne ke wasa da su?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, ƙaraminsu ya ba hamsin baya."

"Amma wasa suke?"

"Wasa suke. Har faɗa suna yi a kan ƙwayar ludo."

"To ka gani. Kuma ba kai ka sassaƙa ba. Ni dai a abin da na karanta, ban ga inda aka ce a yi hanci a yi baki a bar ido ba. Wannan mazhabar Mumuni ce, shi kaɗai ke cikinta, sai kai. Amma zan gaya maka abu guda: abin da zuciyarka ba ta kwanta da shi ba, kada ka yi shi don an matsa maka."

Na sauko daga masallacin na fi yadda na hau rikicewa. Na je neman a buɗe mini ƙofa ko a rufe, aka ce mini babu ma bango a wurin. Na taka daga nan har gadar da ke kan kogi na dawo, na sake komawa. Abin da na tsayar shi ne wannan, kuma ban ce ku ɗauke shi karatu ba: iyakar da na ja wa kaina, ko direba ne ya ara mini alli, na tsaya a bayanta shekaru ina cin abinci da kwanciyar rai. In na goge ta ranar da aka fara matsa mini, gobe ban san inda zan tsaya ba. Na koma na ce wa Mista Leo zan yi komai, daga hula har ƙanƙara, ban da ido.

Ya ce, "Na sani. Ni zan yi."

A zamaninsa babu wanda ya kai shi yin fuska a garin nan. Amma tun kafin guguwar hannunsa ya fara rawa, shi ya sa ma ya bar mini buroshi ya koma kan kanta. Na jera masa kashin farko, mutum goma sha wani abu da na gama, a kan teburin kicin kusa da taga. Ya kafa gwiwar hannu, ya haɗa wuyan hannu, ya riƙe numfashi, duk yadda ya koya mini. Tsinin buroshin yana kaɗawa kamar allurar keken ɗinki. Na farko ya fito da ido ɗaya a kunci. Na biyu yana kallon Rasha da Faransa lokaci guda. Na uku farin ya malale masa har gashin baki. Duk wanda ya ɓata sai in goge fuskar in sake ta daga fata, ita kuwa fuska ba ta jure gogewa da yawa, a karo na uku hanci ya fara shafewa. Muka yi kwanaki a haka, shi yana ɓatawa ni ina gyarawa, mai gini yana bugo waya, ƙanƙarar waje ta fara narkewa. Na kasa zama. In tashi in wanke kofin da na riga na wanke, in leƙa taga, in dawo.

Wata safiya ya ɗaga buroshi a kan wani ƙaramin soja mai ganga da na ɓata kwana biyu a kansa, na ga tsinin ya nufi kunnen yaron. Ban yi shawara da kowa ba, na miƙa hannu na kama wuyan hannunsa. Rawar ta tsaya a tafina. Ya kalle ni ta saman tabarau, na kalli bango.

Ya ce, "Ƙasa kaɗan. Riƙe nan."

Ya ɗiga farin. Ya canza buroshi, na sake riƙewa, ya ja ɗan baƙin layi daga sama zuwa ƙasa, domin ƙwayar ido a wannan girma layi ake ja, in ka ɗiga ɗigo soja zai fito a firgice. Mai ganga ya buɗe ido ya kalle mu.

Haka muka yi rundunar nan duka. Ina zaune a damansa, kafaɗa da kafaɗa, hannuna na hagu a wuyan hannunsa, na dama yana riƙe da murfin kwalbar. Shi ke cewa sama, ƙasa, tsaya. Ni ban taɓa buroshin ba. In ya gama sai in karɓi sojan in zagaye idon da launin fata in rage masa girma, domin fatar ido, a fahimtata, fata ce. Numfashi ma tare muke riƙewa, in ɗaya ya saki kafin ɗaya sai a sake. Yana warin shayi da man zafi, ni ina warin abin da matata ta dafa, babu wanda ya yi ƙorafi. Wani lokaci yakan ce, "Ticha, kai ne ka matsa ko ni ne?" In ce masa ni ginshiƙi ne kawai, ginshiƙi ba ya matsawa. Ya ce bai taɓa ganin ginshiƙi mai rawar ƙafa ba.

Na koma wurin Malam Isufu da sabuwar tambaya: in mutum ya riƙe hannun mai riƙe da buroshi, wa ya yi idon? 

Ya ce, "Ticha, ka ci abinci yau?"

Na ce ban ci ba.

"Don Allah je ka ci."

Muka gama ana saura kaɗan wa'adin mai gini ya cika. Na dasa su a kan dandamali, na yi musu ƙanƙara har idon sawu, da sawun ƙafa a bayan kowanne, da ƙafar keken doki a karye nan da can. Da muka jera su a teburin kicin Mista Leo ya sa tabaransa biyu, ɗaya kan ɗaya, ya bi su layi-layi, sannan ya je ya daɗe a banɗaki. Ni na shirya su da kaina, kowanne a raminsa cikin soso, na rufe kwalayen na naɗe su da salatef gicciye da tsaye, irin naɗin da muke wa kayan da za a aika gida. Alhaji Mumuni ya kai su, mai gadin ginin Likita ya karɓa. Bayan kwana biyu Likita ya bugo waya ya ce aiki ya yi kyau matuƙa, musamman idanun.

Shagon ya buɗe. Muka ɗaga kantoci sama da kafaɗa don gudun ruwa, tsofaffin suka dawo da ƙwayar ludonsu da gardamarsu. Mista Leo ya ƙara wasu shekaru a ciki kafin 'yarsa ta zo ta tafi da shi garinsu, ni kuma na dawo da bencina ɗakin nan da kuke leƙowa. Har yanzu inuwa nake zubawa. Wanda ke son ido ina gaya masa tun a waya, kada ya wahalar da kansa da tiren.

Bara waccan Likita ya yi ritaya zai koma Florida, ya kira ni in zo in duba masa abin da ya tara don ya san yadda zai sayar. Ya kai ni wani ɗakin ajiya da yake haya, kwalaye tun daga ƙasa har rufi. Namu suna layi na biyu daga ƙasa. Salatef ɗina yana nan gicciye da tsaye, ba a taɓa yanka shi ba.